Tafin Hannun Auta

Na haddace zanen tafin hannun ƙanwata tun kafin in kula da yadda nawa yake. Auta muke ce mata, shekara takwas na ba ta. Akwai maza biyu a tsakaninmu, amma su kullum suna gona ko bakin ruwa, don haka ni ce mai goyonta, ni ce mai yi mata wanka.

Tana da wata takwas hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura suka yi suntum kamar fanke, ko zani ya taɓa su sai ta tsala ihu. Kaka, mahaifiyar Baba, ta ce sanyi ne, aka yi ta shafa mata man shanu. Daga baya farin idonta ya koma ruwan ɗorawa, aka ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi. Sai da aka kai ta asibiti can wajen Bagwai aka ɗebi jininta, sannan muka ji sunan abin. Sikila. Tsofaffi kuma suka ce ai amosanin jini ne, sun san shi.

Ina da shekara goma sha ɗaya na fara raka Inna asibitin, don in riƙe jaka da gorar ruwa. Ranar muka tarar da wata nas mai jiki, da ɗan agogo maƙale a ƙirjin rigarta. Ta kama hannun Auta ta buɗe, ta ce wa Inna, "Maman yarinya, kawo naki." Ta jera su kusa da juna.

"Kin ga naki, kin ga nata? Kullum nata zai fi naki haske, don jininta ba ya daɗewa yake lalacewa. Wannan kada ya tayar miki da hankali. Amma ranar da kika ga tafin ya koma fari fat, ko farce, ko harshe, ko cikin fatar ido, kada ki tsaya jiran mai gida ya dawo daga gona."

Sannan ta kwantar da Auta, ta danna ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu da yatsu. Ta ce a nan saifa take. A yara ƙanana irin Auta, wani lokaci jini yakan taru a cikinta ya ƙi fita, kamar yadda masu noman rani suke datse ruwa a kanal, sai ta kumbura ta sauko ƙasa, sauran jiki ya rasa jini. "Wannan ba ya jiran gobe," in ji ta. "Kuma ba lallai ta yi kuka ba."

Inna tana ta cewa to, to, Auta kuma tana finciko mata mayafi tana neman nono. Ni ina tsaye a bayan ƙofa. Ba wanda ya ce da ni komai. Na zura hannu cikin hijabina na laluba haƙarƙarina, ina neman tawa saifar, ban same ta ba.

Daga ranar na sami abin yi. Kowace safiya kafin in tafi makaranta, in na gama yi mata wanka da ruwan ɗumi, sai in ce mu yi tafa-tafa. Muna tafawa ina kallon tafinta kusa da nawa. In ina shafa mata mai kuma, sai in danna cikinta a hankali. Tata saifar tana taɓuwa, gefenta kamar bakin ludayi, kuma da yatsuna na auna ta: yatsa ɗaya da rabi ƙasa da haƙarƙari. Wani lokaci ɗaya da rabin ya ɗan cika, wani lokaci ya ɗan rage. Ban gaya wa kowa ba. Ba ɓoyewa nake yi ba, ba a tambaye ni ba ne, ni kuma ba na iya fara magana.

Akwai wasu abubuwan da na lura da su. In mun je wanki bakin kanal ɗin da ke kawo ruwa daga dam ɗin Watari ta tsoma ƙafa, ba a ranar ciwon yake tashi ba, sai washegari da yamma. In ta tsallake dokin ƙofar zaure da gudu, sai ta nemi wuri ta tsuguna kamar tana kallon tururuwa, alhali hutawa take yi. Fitsarinta wani lokaci kalar shayi. 'Yar maƙwabtanmu da aka yi sunansu mako ɗaya ta fi ta tsawo da kai guda.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne inda ciwon ya fito. Baba yana ɗaukar buhun gyaɗa shi kaɗai. Inna ba ta taɓa kwana a asibiti ba in ba haihuwa ba. Malamin kimiyya ya taɓa zana mana akwatuna huɗu a allo, ya ce uwa tana iya ɗauke da rabin abin, uba da rabi, ba wanda ya sani a cikinsu, sai rabi ya gamu da rabi a jikin ɗa ɗaya. Da muka zauna ɓarar gyaɗar iri kafin damina, na yi ta kallon Baba yana tsince masu kyau yana ware masu yamushi, ina tunanin ashe akwai abin da ido ba ya iya tsincewa. Na rubuta tambaya a 'yar takarda, ko ni ma ina ɗauke da rabin, da niyyar in miƙa wa malamin. Takardar ta yi zango guda a cikin littafina har ta yi laushi.

Kaka na iya tambaya, don ita ko na yi shiru tsokanata take yi. Bebiya take kirana. Na ce, "Kaka, a danginmu an taɓa yin mai irin ciwon Auta?"

"Iye, yau Bebiya ta yi baki," in ji ta. "Mu da can wa ya san wata sikila? Yara ne dai masu ciwon ƙashi in ruwa ya sauka. Wasu su tashi, wasu su koma. Miƙo mini wancan faifan."

Sai na faɗi wani abu game da gidanmu, in ba haka ba abin da ya biyo baya ba zai fito ba. Ni 'yar fari ce. Inna ba ta faɗin sunana, "ke" take ce mini, ko "waccan". A gaban mutane ba ta kallona ido cikin ido, ba ta biye wa maganata, haka ma Baba. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka aka yi musu su ma. Kuma mace a gidan miji ba ta nuna damuwa da ɗan da ta haifa a gaban dangin mijin. Kara ake ce wa wannan, kuma Inna ta iya ta sosai.

Auta tana da shekara huɗu aka sa bikin ƙaramar ƙanwar Baba, bayan an gama girbi. A gidanmu aka yi, kuma tun da mahaifinsu ya rasu, Baba ne waliyyin amarya. Ranar Alhamis da hantsi Kaka ta kwaɓa lalle a babbar ƙwarya, ta matsa lemon tsami, ƙamshinsa ya cika tsakar gida. 'Yanmata suna yanka salatif suna fitar da fulawa, amma Kaka ta ce ita ba ta san wannan wasan yara ba. Nata na da ne, a dunƙule hannu gaba ɗaya, tafi da yatsu da farce. Auta ba a taɓa sa mata ba. Ta miƙa hannu biyu tana tsalle.

"Kaka, ni ma! Ni ma amarya ce!"

"To zo, amaryar ƙauye. Wa zai biya sadakin?"

Ni na riƙe hannun, ni na ɗaure ledar da tsumma. Babu wanda ya taɓa ce mana lalle yana da wata alaƙa da ciwonta, kuma gaskiya ba shi da ita. Ba ya ƙara shi, ba ya rage shi. Da aka kwance bayan la'asar ya kama ya yi ja har yana neman baƙi, kowa yana yabawa. Sai washegari da safe, da na ce mu yi tafa-tafa, na buɗe hannun na ga ba abin da zan iya karantawa a ciki. Na danna cikinta, ɗaya da rabi, na ce to shi ke nan.

Ranar Asabar ce ɗaurin aure, bayan sallar azahar. Tun asuba aka tura ni ɗiban ruwa da wanke-wanke, wata 'yar'uwarmu ce ta yi wa yara wanka a jere. Karo na farko ke nan cikin shekara guda da ban taɓa cikin Auta da safe ba. Na hango ta da hantsi an sa mata kwalli da jan-baki, tana tsotsar zoɓo a leda. Daga nan ban sake ganinta ba.

Wajen sha biyu aka aike ni ɗakin Kaka ɗauko tire. A kan gado, a tsakanin mayafai da jakunkunan baƙi, na ga ƙafarta. Tana kwance a gefe, idonta biyu, ba ta kuka. Numfashinta ne ya tsayar da ni. Gajere ne, da sauri da sauri, kamar na ɗan tsakon da aka kora ya gaji. Wata jijiya a wuyanta tana bugawa ana gani.

Na buɗe tafinta, lalle. Farce, lalle. Na ce ta yi mini gwalo, harshen ya fito ja da zoɓo. Leɓe jan-baki ne. Kusan duk wuraren da nas ta lissafa an shafe su da ja a ranar, kuma ɗaya da hannuna aka shafe. Saura ido. Kwallin ya baƙanta bakin fatar, sai da na ja ta ƙasa sosai, tana ture ni ba ƙarfi. Cikin fari ne kamar farin dafaffen ƙwai.

Na ɗaga rigar bikinta na danna. Ban sami bakin ludayin a inda na saba ba. Na yi ƙasa, na ƙara yin ƙasa. Yana can kusa da cibiya, da tauri kamar ɗanyen mangwaro. Yatsa huɗu. Na sake aunawa da hannun hagu, ko na dama ne ya ruɗe. Huɗu ne.

Inna tana bakin murhu cikin mata, tana tuƙa tuwo a babbar tukunya. Na durƙusa kusa da ita na yi magana, ni kaina ban ji abin da na faɗa ba. Gwaggo, babbar yayar Baba, wadda ita ke juya bikin, ta ce, "Me Bebiya take cewa?"

Inna ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Wai yarinyar ce ta kwanta." Amma na ga muciyar ta tsaya a hannunta.

Ta miƙa wa wata, ta bi ni ɗakin, Gwaggo tana biye. Ta taɓa goshin Auta, ba zafi. Ta buɗe tafin yadda ta saba, ta ga lalle, ta rufe.

"Auta, ina ke miki ciwo?"

"Babu."

"Saifarta ce," na ce. "Ta sauko."

"Gajiyar biki ce," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. "Tun shekaranjiya take tsalle. Yarinyar da in ciwonta ya tashi har maƙwabta ba sa barci, yau ta yi shiru ai sai godiyar Allah. In ma saifa ce, a bari a kai amarya, gobe wanzami ya zo ya yi mata tsaga. Wanne ne a cikinmu ba a yi wa ba? Taso, tuwon nan zai kama."

Ba mugunta ba ce. Duk gidan mun saba da ciwon Auta mai ihu ne, shiru a wurinmu lafiya ce.

Inna ta ja wa Auta rigarta ta rufe cikin. Na ga hannunta ya tsaya a wurin, ya danna, ya daɗe. Ta ɗago ta kalle ni, sosai, abin da ban tuna ta taɓa yi a gaban wani ba. Ba za ta iya cewa a tashi bikin ƙanwar mijinta saboda 'yar da ta haifa ba, ga yayarsa tsaye. Ta miƙe. Tana fita sai ta ce, kamar da bango take magana, "Wai babanta yana nan ƙofar gida kuwa?"

Na gane aike ne.

Ban taɓa sanin zaurenmu yana da tsawo ba sai ranar. A waje an shimfiɗa tabarmi har gindin darbejiya, maza sun cika su, an jera farantan goro da alawa, ana jiran a yi salla a ɗaura. Takalma sun yi tuli a bakin tabarma, sai da na tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Har yau ina tuna wani shuɗi da aka ɗinke maɗaurinsa da zaren buhu. Baba yana tsakiya cikin babbar riga, kusa da Liman. A gefen Baba kuma Baffa ne, ƙaninsa, mai noman tumatir a Watari, wanda bakinsa ba ya hutawa.

Na durƙusa. Baffa ya fara ganina.

"A'a! Jama'a, yau Bebiya ta fito fili. Goro kike so ko miji?"

Aka yi dariya. Na kalli tabarma na ce, "Baba, saifar Auta ta sauko yatsa huɗu."

"Me ta ce?"

Na sake faɗa. Wannan karon muryar ta fita fiye da yadda na so, har na bayan suka waiwayo.

"Yatsa huɗu na wa?" in ji Baffa. "Naki ko na Liman? Don na Liman huɗu ai ya kai gwiwa."

"Nawa. Jiya ɗaya da rabi ne. Kuma cikin idonta ya yi fari. Nas ta ce wannan ba ya jiran gobe."

Dariyar ta ragu. Baba bai kalle ni ba tukuna, carbinsa yake kallo. Ya ce, "Wa ya auna jiyan?"

"Ni."

"Shekaranjiya fa?"

"Ni. Kullum nake aunawa, tun bara."

Sai ya ɗago. Ya sunkuya ya yi wa Liman magana a kunne, ya juya ga wani dattijo ɗan'uwan mahaifinsu ya ce, "Baba, ka karɓi waliccin nan, ka ba da ita a madadina." Ya tuɓe babbar rigar ya bar ta a kan tabarma. Baffa ya riga ya tashi yana lalubar makullin babur a aljihu.

Baffa ya ɗauki Inna da Auta. Baba ya karɓi babur ɗin wani maƙwabci, ya tayar, sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ita ma ta hau. Ita ta san awon." Muka bi ta tsakanin gonakin da aka girbe, karan dawa a tsaye dami-dami, ina riƙe da ƙarfen baya, ina kallon ƙafar Auta tana lilo a babur ɗin gaba.

Ba nas mai agogo muka tarar ba, wata siririya ce. Ita ma abin da ta fara yi shi ne buɗe tafin. "Kai, lalle!" ta ce, ta yi tsaki, ta ja fatar ido. Daga nan ba ta ƙara tafiya a hankali ba. Aka huda yatsa, aka kira likita. Ya danna cikin ya ce, "Tun yaushe ya kai nan?" Inna da Baba da Baffa duk suka juyo suka kalle ni. Na faɗa masa. Ya rubuta abin da na faɗa a takarda, da biro, kamar maganar babba.

Aka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata yanzu. Na Baba bai dace da nata ba, na Baffa ya dace. A nan na gano Baffa yana tsoron allura. Ya juya fuska bango, gumi yana keto masa, amma bakin bai mutu ba.

"Ku zama shaida," in ji shi. "In yarinyar nan ta tashi da surutu, kada a zargi kowa. Jinina ne."

Na zauna a bakin gado ina kallon ledar jinin a rataye, yana ɗiga yana bin siririyar roba. Ya fi yadda nake zato duhu, kusan kalar lallen Kaka. Ina so in ga lokacin da zai isa, amma hannun a rufe yake, don haka duk bayan ɗan lokaci sai in ja fatar idonta. Bayan la'asar farin ya fara surkawa da ja. Numfashin ya lafa. Can ta buɗe baki ta ce, "An kai amarya?" Inna ta juya baya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta daɗe tana gyarawa.

Likitan ya ce wa Baba da an kai gobe da labarin ya bambanta, tsaga kuma jinin da ya rage za ta zubar. Baba ya maimaita wannan a gida sau ɗaya, a tsakar gida, bai ambaci kowa ba. Gwaggo ta aiko wa Auta da kaza.

Kafin a sallame mu na yi wa siririyar nas tambayar da ke cikin 'yar takardata, da baki. Ta ɗebi jinina. Ina ɗauke da rabin. Ta ce ba zai dame ni ba, amma in riƙe shi a kaina har ranar da zai yi amfani.

Lallen tafi ya koɗe cikin 'yan makonni. Na farce kuwa ba ya koɗewa, ashe sai dai farcen ya tsiro ya tura shi waje. Kullum ina duba gindin farcenta, inda sabon farce siriri kamar jinjirin wata yake fitowa yana ƙara faɗi, ta nan nake leƙawa. Sai da aka fi wata uku kafin a yanke jan ƙarshe.

Da Salla ta matso Kaka ta sake kwaɓa lalle. Auta ta miƙa hannu biyu. Na tsaya daga nesa, ban san yadda zan ce a'a ba. Kaka ta ɗebo lallen a yatsa, ta tsaya, ta ɗago kai.

"Bebiya, zo ki nuna mini inda kike karatun naki."

Na nuna tsakiyar tafin hagu, da farcen babban yatsa. Ta ɗauko murfin kwalba ta kifa a tsakiyar tafin, ta zagaye shi da lalle, ta tsallake farcen.

"Kaka, ba ki gama ba," in ji Auta. "Kin bar rami."

"Ke tafi can, 'yar ƙauye. Yayin birni ke nan, a Kano duk haka ake yi."

Kafin azahar yara uku sun zo da murafen kwalba suna neman irin na Auta.

Yanzu shekararta bakwai. Ciwon ƙashin yana nan, yakan tashi in ruwa ya sauka, kuma tana shan 'yan ƙwayoyinta kullum. Ta gane tafa-tafa ba wasa ba ne. Da safe ita take zuwa ta buɗe mini hannun, shatin murfin kwalbar Kaka a tsakiya in lokacin lalle ne, ta ce, "Yaya, duba da sauri, zan makara."